Jirgin ruwa da ɗan shekara biyu: wane kamfani ne zai karɓe mu da famfas ɗinmu?

Maman Auta (Unguwar Rimi):
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wurin duk wanda ya taɓa tafiyar shaƙatawar nan ta babban jirgin ruwa. Maigida ne ya ce hutun Disamba na bana, maimakon a je a tare a otal, a gwada jirgin ruwa na mako guda. Manyan yaran ba su dame ni ba, ɗaya shekara 8, ɗaya 6. Auta ne damuwata. Lokacin tafiyar zai kai shekara biyu da wata huɗu, har yanzu yana famfas, ga ƙiriniya sai addu'a. Na duba na ga Disney, MSC, Royal Caribbean, Carnival, kowa yana wasa kansa. Don Allah wanne ya fi wa mai ƙaramin yaro?

Hajiya Babba (Unguwar Sarki):
Wa alaikumus salam. Ƴata, ni shawarata ɗaya ce, ki kai shi wurin kakarsa ku yi tafiyarku. Ɗan shekara biyu me zai tuna? Kuɗi za ku kashe, ke kuma ki ƙare hutun kina bin sa da gudu a tsakiyar teku. Allah ya tsare.

Uwargidan Kawo:
Hajiya kin riga ni. Mu da ko gadar Kawo muka hau sai mun ja addu'a, ina mu ina teku da yaro? In ruwa yake son gani a kai shi Gamji Gate ya leƙa Kogin Kaduna, a sai masa alawa a dawo gida.

Maman Auta (Unguwar Rimi):
Hajiya na gode ƙwarai, amma kakar tasa ciwon ƙafa ya matsa mata, ba zan ɗora mata wannan yaron har mako guda ba. Kuma bai taɓa kwana ba tare da ni ba. In da shi ba za ta yiwu ba, gara a fasa gaba ɗaya.

Baban Ƴan Biyu (Malali):
Za ta yiwu, Maman Auta, mu da biyu muka je. Amma ki aje maganar wane jirgi ya fi girma ko ya fi ƙyalli. Abin da za ki riƙe shi ne shekara uku. Kusan duk kamfanonin nan, ɗakin wasan yara na kyauta da kike gani a talla, wanda za ki aje yaro ki tafi ki sha iska, daga shekara 3 yake farawa, kuma sai yaron ya daina famfas yana zuwa banɗaki da kansa. Naki bai kai ba. Saboda haka tambayar da za ki yi wa kowane kamfani ita ce: me kuka tanadar wa ɗan ƙasa da uku?

Disney suna da ɗakin raino na gaske, daga wata 6 zuwa shekara 3, ana biya kowace awa, kuma wuri yana cika da wuri, sai an kama tun kafin tafiya. Royal Caribbean ma suna da shi, wata 6 zuwa wata 36, shi ma da kuɗi, sai dai ba a kowane jirginsu ba, dole ki duba ainihin jirgin da za ku hau. Carnival ne suka bambanta, su ɗakin wasansu na Camp Ocean daga shekara 2 yake karɓa, kuma ba su sa sharaɗin daina famfas ba. Norwegian kuwa a yawancin jiragensu ɗaki kawai za su ba ki da kayan wasa, ke za ki zauna da abinki. MSC suna da Baby Club na ƴan ƙasa da uku, kayan kamfanin Chicco ne a ciki, mafi yawan lokaci uwa ko uba na zaune, sai wasu ƴan sa'o'i da ake iya barin yaro in an rubuta suna da wuri.

Manyan naki kuwa ko wanne kuka hau, ba za ki gan su ba sai lokacin abinci.

Amaryar Badarawa:
Yaya Baban Ƴan Biyu ka bar babbar magana: wanka! Anti, wallahi wannan ce ta ƙona min rai. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Na saya wa yarinyata famfas ɗin shiga ruwa tun daga nan, na sa mata ƴar rigar wankanta mai hula, muka hau sama. Ƙafarta kawai ta tsoma a gefen wurin ninƙayar yara, sai ga ma'aikaci da usur a wuya, cikin ladabi dai, ya nuna min allo ya ce mai famfas ba ya shiga. Na ce ai na ruwa ne. Ya ce ko na ruwa ne. Yarinya tana kallon sa'o'inta suna facal-facal, ita ina riƙe da ita tana birgima a jikina. Kullum sai mun zagaya ta wata hanya don kar ta hango ruwan.

Anti Nas (Barnawa):
Ba laifinsa ba ne ƙanwata, doka ce ta tsafta. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka tana da shirin duba tsaftar jiragen da ke tashi daga tashoshinsu, kuma ƙa'idarsu ta hana mai famfas shiga wurin ninƙaya, sai wurin da aka gina musamman don su, mai nasa injin tace ruwan daban. Kamfanoni da yawa sun ɗauki ƙa'idar a ko'ina suke. Famfas ɗin ruwa kashi mai tauri kawai yake riƙewa, ba ya tare ƙwayar cuta. Yaro ɗaya mai gudawa ya isa ya kwantar da yara da yawa. Jiragen Disney suna da wurin feshin ruwa na masu famfas, wasu manyan jiragen Royal Caribbean ma haka. Shi za ki tambaya da sunansa kafin ki biya.

Maman Auta (Unguwar Rimi):
Ikon Allah, da ban tambaya ba da haka zan je. To ke nan Disney ko Carnival?

Yaya Mai Tikiti (Ahmadu Bello Way):
Hajiya dakata tukuna. Duk bayanin da aka yi daidai ne, amma bayani ne na wanda zai ɗauki mota daga gidansa ya je tasha. Mu da koren fasfo, ba kamfani muke fara zaɓa ba, tasha muke fara zaɓa, wato biza.

Carnival yawancin jiragenta daga Amurka suke tashi, Miyami, Galveston, Port Canaveral. Disney ma can ne gidanta, da bazara ne take aiko jirgi Turai. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da bizar ziyara ta ƴan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya, daga baya ma aka ƙara tsuke ta. To duba: kin sauka Miyami, shiga ɗaya ke nan ta tafi. Jirgi ya kai ku Bahamas ko Meziko ya dawo Miyami, wannan shiga ta biyu ce. Tun a bakin tasha ma'aikacin kamfani zai duba ya hana ku hawa, kuma kuɗinku ba zai dawo ba, don a takardar da kuka amince da ita an rubuta biza alhakin fasinja ce.

Turai ma haka. Jirgin Bahar Rum daga Basalona ko Jenowa ko Civitavecchia bizar Shengen yake so, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, in kuma a hanyarsa zai taɓa Tunis ko wata tasha a Turkiyya, ya fita daga yankin ke nan, sai mai shiga da yawa. Kuma Disamba kuka ce. Disamba a Bahar Rum sanyi ne da iska, ba ruwan da za a shiga.

Na lokacin hutunku guda uku ne a kusa da mu. Na Gulf, daga Dubai zuwa Abu Dhabi da Doha, a shekarun baya MSC da Costa sun saba yin sa daga ƙarshen shekara zuwa wajen Maris. Na Afirka ta Kudu, MSC daga Durban zuwa tsibiran Mozambik, shi ma lokacin ne, don su Disamba tsakiyar zafinsu ce. Sai AROYA na Saudiyya da ya fara aiki a Disambar 2024 daga Jidda.

Malam na Tudun Wada:
Alhamdulillah da aka ambaci AROYA, don shi nake jira. Jama'a muna maganar famfas da wanka, ba mu yi maganar abin da yaranmu za su gani ba. Yawancin jiragen nan akwai gidan caca a tsakiyarsu, wani lokaci ta ciki za ka ratsa ka je ɗakin cin abinci. Ga giya ko'ina, ga shigar bakin ruwa. Ɗan shekara biyu ba zai gane ba, amma mai 8 fa? AROYA ba giya, ba caca, abinci halal, akwai wurin salla. Ni a wurina magana ta ƙare.

Baban Ƴan Biyu (Malali):
Allah gafarta Malam, gaskiya ne, kuma in ƙara maka, Disney ma ba su da gidan caca a jiragensu ko ɗaya, amma akwai giya. Sai dai kar Maman Auta ta ɗauka rashin giya shi ne ɗakin raino. Su ma ta rubuta musu ta yi tambaya ɗaya da ta sauran: ɗan wata 28 mai famfas, za ku karɓe shi ni in tafi, ko sai ina zaune? Akwai ruwan da zai shiga? Su ba ta amsa a rubuce.

Kuma hanyar jirgi tana iya sauyawa. A 2024 kamfanoni da yawa sun soke ratsa Bahar Maliya saboda hare-haren ƴan Huti. Duk wanda zai biya na yankin nan ya karanta abin da takarda ta ce game da sauya hanya, ya kuma duba halin da ake ciki a makon da zai biya.

Uwargidan Kawo:
Ni fa har yanzu ban ji wanda ya faɗi kuɗi ba. Wannan kuɗin da za a kai wa teku ai Umra ce ta gida guda.

Hajiya Babba (Unguwar Sarki):
Faɗa musu dai.

Maman Auta (Unguwar Rimi):
Anti Uwargida, an yi Umra alhamdulillah, Allah ya maimaita mana gaba ɗaya. Wannan alƙawari ne ya yi wa yaran in sun ci jarrabawa.

Yaya Mai Tikiti (Ahmadu Bello Way):
Ba zan faɗi adadi ba don farashin nan ba ya kwana wuri ɗaya, amma zan faɗi inda ake mamayar mutane. Na farko, ku biyar ne. Yawancin ɗakunan jirgi mutum huɗu suke ɗauka, kuma ko jinjiri mutum guda ne a lissafinsu, saboda kujerun jiragen ceto. Ke nan ko ɗakin iyali na mutum biyar, waɗanda ba su da yawa kuma suna ƙarewa da wuri, ko ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani. Na biyu, in kun ga talla wai yara kyauta, kuɗin gado ne kyauta, harajin tasha yana nan. Na uku, kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane kai kowace rana. Carnival ba ta lissafa ɗan ƙasa da 2, Norwegian ƙasa da 3, wasu rabi suke ɗauka ga yara, wasu har jariri cikakke. Disney kuwa kusan kullum ita ce mafi tsada a cikinsu, da tazara. Kuma cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗakinku ne komai, an jona shi da katin banki. Ku tafi da katin dala mai aiki, ku gwada shi tun a nan.

Amaryar Badarawa:
Maganar ɗaki, Anti ki saurare ni. Namu bai fi shago guda a Kasuwar Barci ba. Da aka kafa gadon yarinyar, ƙofar sif ɗin kaya ba ta buɗuwa sai an ja shi gefe. Keken turawarta babba muka kai, ya ƙi shiga ƙofa sai an naɗe, kuma ba a yarda a bar shi a lungu. Ki nemi ƙarami mai naɗewa da hannu ɗaya, ki haɗa da zanen goyo, wallahi zanen ya fi amfani. Banɗaki kuma shawa ce tsaye, yarinyata da ta saba da baho ta ce sam. Sai da na riƙa tare magudanar da tawul ina zuba mata da kofi. Ki sai ƙaramin baho na hurawa ki jefa a jaka.

Baban Ƴan Biyu (Malali):
Nan ne Disney suka yi tunani, yawancin ɗakunansu akwai ƙaramin baho, kuma masai daban wurin wanka daban, ga labule tsakanin gadon iyaye da na yara. Labulen nan ba ƙaramin abu ba ne in yaro ya yi barci ƙarfe takwas ku kuma kuna son kunna fitila.

Baranda kuma mutane sun kasu. Wasu sun ce kar a kuskura da ƙaramin yaro. Dokar Amurka ta 2010 ta ce shingen kar ya gaza inci 42, ya wuce mita ɗaya ke nan, ya fi ƙarfin ɗan shekara biyu, kuma ƙofar tana da nauyi, yawanci da sakata a sama. Haɗarin yana ga kujera da tebur ɗin da ke barandar, su yaro zai taka. Ni na ɗauka da baranda don lokacin barcin ranarsu nan muke zama, in ba haka ba sai ka zauna a duhu kana jiran yaro ya farka. Amma wanda ya san nasa mai hawa ne, ya ɗauki mai taga kawai ya huta da fargaba.

Maman Auta (Unguwar Rimi):
Nawa kam ko firji hawa yake. Taga ta ishe mu.

Anti Nas (Barnawa):
To ki nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne lilo ya fi sauƙi. Ƙananan yara irin naki ba su cika jiri ba ma, masu 6 da 8 ɗin ne suka fi kamuwa. Kar ki ba kowa maganin jiri sai kin tambayi likitansu.

Akwai asibiti a jirgin, da likita da nas, amma kuɗi ne mai zafi, kuma ba asibitin yara ba ne. In abu ya yi tsanani sauke ku za su yi a tasha mafi kusa. Ku yi inshorar tafiya da ta haɗa da ɗaukar gaggawa. Ki tafi da farasitamol na yara, ORS da zinc, da ma'aunin zafi. In zazzaɓi ya taso ki gaya wa likitan daga Najeriya kuke, ya gwada maleriya, don shi ba ita zai fara tunani ba. Cutar amai da gudawa da ke yawo a jiragen nan, norobairos, man goge hannu ba ya kashe ta sosai, sai sabulu da ruwa. Wanke hannun yaro kafin kowane abinci, ko yana ihu.

In Durban ne, katin allurar cutar shawara dole, ga duk wanda ya wuce shekara ɗaya. Allurar da aka yi masa yana wata 9 ita ce, amma katin asibitin unguwa ba zai yi ba, sai an je ofishin lafiya na tashar jirgi an fitar masa da yalon kati nasa.

Yaya Mai Tikiti (Ahmadu Bello Way):
Tun da an zo kan Durban: tsibirin da ake zuwa, Portuguese Island, babban jirgi ba ya matsawa gaɓa. Can nesa yake tsayawa, a riƙa kwasar mutane a ƙananan jirage zuwa bakin yashi, in teku ta yi fushi ma a fasa sauka. Da yaro a hannu abin tunani ne. Na Gulf kuwa a Dubai da Abu Dhabi da Doha da ƙafarki za ki taka ki sauka, ruwan ma ya fi kwanciya. Amma bizar Daular Larabawa mai shiga da yawa za ku nema tun da za a je Ƙatar a dawo, ita ma Ƙatar da tata. Tun da aka ɗage mana takunkumin a Yulin 2024 sharuɗɗan suna ta sauyawa, a fara ta kafin a biya jirgi.

Kuma ku isa garin da kwana ɗaya kafin ranar tashi. Daga Rigasa a jirgin ƙasa zuwa Idu, daga nan filin jirgi, a ya da zango a Adis Ababa ko Doha, in ɗaya ya yi latti jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Kowane yaro da fasfonsa mai sauran aƙalla wata 6, ku riƙe takardun haihuwa na Hukumar Ƙidaya.

Malam na Tudun Wada:
Wata ta tambaye ni ta gefe game da salla, bari in amsa a nan kowa ya amfana. Matafiya ne ku, akwai ƙasaru. A jirgin ruwa ana fuskantar alƙibla, in jirgi ya juya a juya da shi in da hali, a tsaye ga mai iko. Manyan jiragen nan suna daɗewa a miƙe, da wuya ma ka buƙaci juyawa. Talabijin ɗin ɗaki yana nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da shi za ka daidaita. Abinci kuma a jirgin da ba na Musulmi ba, a sanar da su tun kafin tafiya, in babu halal a tsaya kan kifi da ƙwai da ganye, a tambayi abin da aka sa a miya.

Uwargidan Kawo:
To ni in zan je, da kilishina da dambun nama da yajina zan tafi, ba ruwana da miyarsu.

Baban Ƴan Biyu (Malali):
Hajiya kilishin nan a filin jirgi zai tsaya in Turai ce ko Amurka, ba a shiga da nama. Madarar gwangwani ta yara da abincin jarirai Turai ta yarda har kilo 2. Jirgin ruwan ma abin da kamfani ya rufe yake karɓa, ba girkin gida ba. Butar lantarki da dutsen guga ƙwace su ake yi a bakin shiga saboda gobara. Filas za ki kai, ki cika da ruwan zafi a wurin shayi kafin ku kwanta, da asuba ki dama wa yaro abinsa. Famfas kuma ki ɗauko wanda zai ishe ku har da ƙari, shagon jirgi ba lallai a samu ba, in an samu ma ba lambarsa ba.

Ranar farko kafin a tashi akwai atisayen ceto, dole ne ga kowa, an ƙara tsananta shi bayan hatsarin Costa Concordia na 2012. Za a ɗaura wa yaran abin hannu mai lambar wurin taruwarku, kar a cire. Ki tambayi mai gyaran ɗaki rigar ceto daidai Auta, ta manya ba za ta zauna masa ba.

Maman Auta (Unguwar Rimi):
Allah ya saka da alheri, na tura wa maigida duka. Ya ce Amurka ta fita a lissafi, gobe zai rubuta wa AROYA da MSC tambayoyin nan biyu. Ni kuma na ce masa in ba wanda zai karɓi Auta ko na awa biyu, a ɗaga zuwa Disambar baɗi, lokacin ya wuce uku. Daga yau dai an fara zaman fo.

Hajiya Babba (Unguwar Sarki):
Ko banza an ci ribar fo. Allah ya raya.

Ƙanwar Amarya (Unguwar Dosa):
Anti Nas don Allah kafin a watse, mai juna biyu fa? Ƙawata ce take tambaya.

Uwargidan Kawo:
Ƙawarki ko? Allah ya raba lafiya.

Anti Nas (Barnawa):
Ki gaya wa ƙawar taki yawancin kamfanonin ba sa ɗaukar wadda za ta shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, ba ranar hawa kawai ake dubawa ba. Da yawa kuma suna neman takardar likita mai nuna lafiyarta da ranar da ake sa ran haihuwa. In an haihu, jariri sai ya cika wata 6 a yawancinsu, doguwar tafiya irin ta ƙetare Atlantika kuwa sai shekara guda. Ta ɗauko katin awonta ta ƙirga makonnin zuwa ranar sauka, in ta ga sun matse ta turo min ta gefe in duba mata.